Sakatar bindigata ta yi tauri tun da damina ta kama, dan Allah a ba ni shawara

Ɗan Aboabo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu bindigar farauta da iyayenmu da suka yi aikin soja ko ɗan sanda ku zo ku taimaka min. Ina da Brno .22 irin mai sakata ɗin nan da ake ɗaga hannu a ja baya, magazin ɗinta harsashi 5 yake ci. Ta marigayi babana ce Allah ya jiƙansa, an riga an juya lasin zuwa sunana, so ba maganar ɓoye ba ce. Gonarmu tana wajen Ejura nan Ghana, kuma yanzu masarar ƙaramar damina ta tashi akranti, manyan ɓerayen dajin nan masu cin kara, sun sa mu gaba, da safe sai ka tarar sun yanke kara a ƙasa layi guda.

Tun watan Yuli na ajiye ta a jakarta ta fata mai bargo a ciki, na jingine bayan wadurob a ɗakina nan Kumasi, kafin in ajiye na zuba mata man keken ɗinki sosai har cikin bututu. Da na ɗauko ta satin nan sai na ga ta canza. In babu harsashi sakata tana tafiya amma da nauyi, in na tura harsashi kuma daf da ƙarshe sai na danna da tafin hannu kafin hannun ya sauka. Babban abin shine bayan harbi, hannun yana ɗaguwa amma ja baya ya ƙi, wani lokaci ƙugiyar da ke janyo kwanso ta zame ta bar kwanson a ciki sai na sa bakin wuƙa na zaƙulo shi. Kwanson da ke fitowa jikinsa duk ya dushe, da ƙarce-ƙarce a tsaye, da wani baƙin zobe kusa da baki. Da can da yatsa biyu nake jan sakatar nan wallahi. Shin bindigar ta mutu ne ko akwai gyara? Hankalina ya tashi don ita ce abin da tsoho ya bar min.

Yaron Nima

Chale tsatsa ne kawai, ba wani abu ba. Mu nan Ankara (Accra) iskan teku ma ya fi naku muni, ko kwadon kofa wata biyu ya yi ja. Sayi WD-40 ka fesa mishi paa ya kwana, gobe ka nade sanfefa mai laushi a sanda ka sa a dril ka juya a ciki kadan, zai koma sabo.

Masta na Magazin

Wa alaikumus salam. Ƙanena na Nima, maganarka ta tsatsa ina jin gaskiya ce, amma sanfefa da dril ɗin nan a'a, dan Allah Ɗan Aboabo kar ka kusance shi. Cemba, wato ramin da harsashi ke zama a gindin bututu, an yanka ta ne daidai da kwanso, ratar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashi biyu ba. Ƙarfen da sanfefa ya ci ba ya dawowa. In ta faɗaɗa kwanso zai riƙa kumbura fiye da ƙima, wani ma ya tsage ya feso maka hayaƙi a fuska, kuma taurin da kake gudu sai ya ƙaru. Ni fita ne, wato makanikin mota, a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, ba maƙerin bindiga ba, amma ina riƙe da tawa mai lasin shekaru, kuma ƙarfe ƙarfe ne.

Ka gane abin da ke faruwa lokacin harbi tukuna. Kwanson tagulla yana buɗewa ya manne da bangon cemba don ya toshe hayaƙi kar ya dawo baya, da ƙarfin ya sauka sai ya ɗan tsuke ya saki. In bangon sumul ne sai ya zamo ya fito. In bangon ya yi kaushi da tsatsa ko datti, tagulla mai laushi ce, sai ta shiga cikin ƙananan ramukan ta kama, kamar fistin da ya ci a silindar injin da ya kwana biyu da ruwa a ciki. Ƙarcen da kake gani a tsaye a jikin kwanson nan shi ne sawun inda aka fizgo shi da ƙarfi. Kar ka zubar da kwansunan, su ne za su gaya maka inda ciwon yake.

Abin da zan ce ka yi, ka raba matsalar kashi-kashi don ni ina ganin abu biyu ne suka haɗu maka. Farko cire magazin, buɗe sakata, duba cemba da ido ka kuma taɓa da ɗan yatsa ka tabbatar ba komai. A Brno in ka buɗe sakata ka danne kunama har ƙarshe sai ta zaro gaba ɗaya ta baya. Riƙe ta a hannu ka shinshina, ka murza da yatsa. In ka ji tana danƙo to man nan da ka zuba ne ya haɗu da ƙura da toka ya daskare, shi ke ba ka nauyin da kake ji ko babu harsashi. Wannan mai sauƙi ne, kananzir a ɗan kwano da tsohon burushin haƙori, ka wanke fuskar sakata, ƙarƙashin ƙugiyoyin nan biyu na gaba, da hanyar da take bi a cikin gangar bindiga. Ka lura da ƴan tsagar da ke gefen bakin cemba inda ƙugiya ke shiga, wajen nan datti ke cikawa, in ya cika ƙugiya ba ta kama gefen kwanso da kyau shi ya sa take zamewa. Tsinken sakace ya isa ya ƙwaƙulo shi, kar ka sa ƙusa. Kuma ka daina sa bakin wuƙa a wajen, kana ƙara masa rauni.

Ka bar kananzir ɗin ya bushe sarai, sannan ɗigon mai kaɗan a jikin sakata ka shafe da tsumma, da giris ɗan mitsitsi a gindin hannun inda yake kullewa da kuma karkataccen wajen da ke ɗana allurar da ke dukan gindin harsashi in ka ɗaga hannu. Irin wannan bindiga a ɗagawa take ɗanawa, so ɗan nauyi bayan harbi dama akwai shi, ba ciwo ba ne.

In ka mayar ka ji har yanzu tana gogar wani abu ba harsashi, sassauta sukurorin da suka riƙe katako kaɗan ka sake gwadawa. Katakon ƙota yana shan laima ya kumbura a damina, a wasu bindigogin yana matse ƙarfen ko sukuru ya leƙo ciki ya taɓa sakata. In ta saki da ka sassauta to ka gano shi.

WD-40 kuma ba laifi wajen korar ruwa ranar da ruwan sama ya doke ka a daji, amma ba man ajiya ba ne, yana bushewa ya bar ƙarfe. Man ja, man gyaɗa da man kaɗe duk kar a sa, suna yin danƙo su kama. Man birki ma kar ka yarda, yana jan ruwa yana cin fentin katako. In ba ka samu man bindiga ba, man giya na mota mai otomatik ko man inji sabo mara kauri ya fi su duka.

Baba Soja, Tafo

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ka riƙe abin da ya bari da amana. Masta ya yi magana mai kyau. Ni zan ƙara abin da ya shafi rai, don bindiga ana gyara ta, ido da yatsa ba a gyarawa.

Kafin ka sake harba ko ɗaya, zare sakata ka ɗaga bututun wajen haske ka leƙa daga baya. Sai ka ga rana zagaye tas. Bindigar da ta yi watanni a jingine a ɗaki zanzaro yana shiga ya gina gidansa na laka a ciki, na gani da idona ba sau ɗaya ba, kuma ramin .22 ƙarami ne bai kai milimita 6 ba, laka kaɗan ta toshe shi. Wasu kuma suna cusa tsumma a baki wai don ƙura su manta. Harbi a kan toshiya yana kumbura bututu ko ya fasa shi.

Na biyu, ka ce kana danna hannu da tafi kafin ya sauka. Ka bari. Harsashin .22 abin tashinsa yana cikin gefen gindin ne zagaye, ba a tsakiya ba, matse gefen nan da ƙarfi ba abin wasa ba ne. In mai rai ya maƙale a ciki kar ka zura sanda ta baki ka doka. Wanda aka riga aka harba shi ne ake turowa da sanda a hankali, shi ma sai ka tabbatar. In ka ja kunama bai tashi ba kuma, bar bakin yana kallon inda ba mutum ka ƙirga talatin kafin ka buɗe, harsashin da ya sha laima yana iya jinkiri.

A zamaninmu da bindigar soja Mak 4, .303 ta Ingila, bayan harbi ruwan zafi muke zubawa ta mazurari daga baya ya fita ta baki, sai a ja tsumma da igiya har ya fito fari, sannan mai. Dalili, abin tashin harsashin sojan da yana barin gishiri a bututu, gishirin yana jan laima, kuma mai ba ya narkar da gishiri sai ruwa. A garin nan wanda ya kwana bai wanke ba da safe zai ga ja. Kuma abin da aka koya mana da ba na mantawa, kafin harbi cemba a bushe take. Mai na ajiya ne. In ka bar mai a ciki kwanso ba ya kama bango, duk ƙarfin sai ya koma kan sakata, a babbar bindiga wannan yana da haɗari sosai. A taka ƙarama ƙarfin bai kai haka ba amma man yana haɗuwa da toka ya zama kwaɓi, yana kuma iya shiga harsashi ya kashe shi.

Alhaji mai masara, Techiman

Salamu alaikum. Baba Allah ya ƙara girma, ina neman afuwa in ɗan saɓa a waje ɗaya. Ruwan zafin nan daidai ne ga tsohon harsashin soja, amma .22 da ake sayarwa yanzu ba ya barin wannan gishirin, tun wajen 1927 kamfanoni suka fara canza abin tashin. So shi ba ya buƙata, kuma ina tsoron yaro ya zuba ruwa ya gangara ƙarƙashin katako ya kwanta inda ba ya gani, a watan Oktoba kuwa ba abin da ke bushewa da kansa.

Baƙin zoben da ya ce yana gani kusa da bakin kwanso shi ya ja hankalina, don na sha fama da shi. Kan harsashin .22 darma ce tsirara da aka shafa wa kaki a waje, kaurinsa ɗaya da kwanso, ba kamar manyan harsasai da ke da rigar jan ƙarfe ba. Duk harbi kakin nan da toka da ɓurɓushin darma suna taruwa daidai inda bakin kwanso ya tsaya, a hankali su yi zobe mai tauri. Da rani ba ka cika ji ba. Da damina zoben yana shan laima, tsatsa ta fara a ƙarƙashinsa, sai ka ga harsashi ya shiga lafiya har daf da ƙarshe sannan ya tsaya, daidai yadda ka faɗa. In kuma an taɓa harba gajeren harsashin nan Short a cikinta abin ya fi muni, don kwansonsa wajen milimita 5 ya gaza na dogon, wato Long Rifle, zobensa yana zama a tsakiyar inda dogon zai kwanta.

Jan tsumma a bututu ba ya cire shi, yana wucewa ta kai ne kawai. Yadda nake yi: na jiƙa ɗan ƙyalle da man wanke bindiga, in babu kananzir, na cusa a cemba na bar shi minti 15 ko 20 ya jiƙa. Sannan burushin tagulla wanda ya ɗan fi na bututu kauri, na milimita 6 yana yi, a ɗaura a gajeren sanda a shigar ta baya iya tsawon cemba kawai, kar a tura shi cikin zanen bututu, a murza da hannu. Da hannu na ce, ba dril ba. Tagulla ta fi ƙarfen laushi ba za ta ci shi ba. Ka goge da farin ƙyalle ka duba: baƙi toka ce, ja-ja tsatsa ce. Ka maimaita har ƙyalle ya fito fes, wani lokaci sai an bar shi ya kwana da mai an sake da safe. Sandar wanke bututu kuma kullum ta baya ake shigar da ita, in kana shiga ta baki kana cinye bakin, saiti ya lalace.

Gwaji kuma a gona za ka yi ba a ɗaki ba, baki na kallon ƙasa. Sa harsashi da yatsa, cemba mai tsabta kusan da kansa yake zamewa ya zauna.

Sai ajiya, nan ne asalin ciwon. Jakar fata mai bargo ta tafiya ce, ba ta ajiya ba. Fata da bargo suna riƙe laima su manna ta a jikin ƙarfe, ga bangon siminti yana gumi. Ƙarfe yana fara tsatsa sosai in laimar iska ta haura kashi 60 cikin 100, Kumasi kuwa da safe a damina tana wuce 80, kuma damina biyu kuke yi, sai hunturu ya shigo a Disamba ake samun sauƙi. Fitar da ita daga jaka, shafa mai siriri da tsumma ciki da waje, tsayar da ita baki ƙasa a kabad mai makulli don mai kar ya gangara cikin katako, nesa da bango. Tara ƴan ƙunshin silika ɗin nan da ke zuwa cikin kwalin takalmi da na waya ka zuba a ciki, in sun sha ruwa a gasa su a wuta mara ƙarfi su dawo. Shinkafa da mutane ke sawa ba ta yin komai kirki. Duk sati biyu ka fito da ita ka goge, kuma duk inda hannunka mai gumi ya taɓa ka share. Sakata da harsashi a wani waje daban a kulle saboda yara.

Harsasan ma ka duba su. Wanda ya yi kore a tagulla ko kansa ya yi fari-fari kamar gari, ko kan yana juyawa sakwaf, ware shi. Masu kyau a gwangwani mai murfin roba da silika.

Yaron Nima

To na ji, na janye maganan sanfefa. Amma in tsatsan ya riga ya ci rami fa? burushi ba zai cike rami ba ai.

Ɗan Aboabo

Allah ya saka da alheri Baba, Alhaji, Masta. Na bi yadda kuka ce. Bututu a buɗe yake ba zanzaro alhamdulillah. Sakata kam danƙo ne, kananzir ya koma ruwan ƙasa, kuma a tsagar ƙugiya na ƙwaƙulo wani baƙin abu mai tauri da tsinke. Yanzu ba harsashi tana tafiya sumul ban ma taɓa sukuru ba. Cemba na samu burushin wajen dila mai lasin, ƙyallen farko baƙi ƙirin, na bayansa ja-ja, na bar ta ta kwana na sake har ya fito fari. Na je gona na gwada, harsashi na shiga ba dannawa, kwanso na fita da kansa, zoben nan ya ɓace.

Saura abu ɗaya. Kowane kwanso yana fitowa da ƙarce guda ɗaya siriri, a waje ɗaya kullum, daga gindi zuwa sama. Da na haska tocin waya na ga ɗan lotsawa a gefen bakin cemba ta sama, yana ƙyalli. Shi ma tsatsa ne?

Masta na Magazin

A'a wannan ba tsatsa ba ne, sawun allura ne. In ana jan kunamar .22 babu harsashi, allurar da ya kamata ta daki gefen tagulla sai ta daki ƙarfen bakin cemba, musamman tsohuwar bindiga da allurarta ta ci, a hankali ƙarfen ya lotsa ya turo ɗan leɓe ciki. Leɓen ne ke ƙarce maka kwanso. Ka hana kowa a gida ɗana ta yana ja a banza, in za ka sauke allura don ajiya riƙe kunama ka sauke hannun a hankali bayan ka tabbatar ba komai a ciki.

Gyaransa ba a gogewa, akwai ɗan ƙarfe mai santsi da masu aikin ke sawa su mayar da leɓen inda ya fito. In ka goge shi da fayil wajen da ke tallafe gefen harsashi ya ragu, sai ta fara ƙin tashi. Kar ka kawo mana ita Suame Magazin, ba aikinmu ba ne.

Tambayar ƙanena na Nima kuma, gaskiya ne rami ba ya cikewa. In ƙanana ne bindiga tana aiki da su shekaru, sai dai a riƙa wankewa akai-akai don datti a nan yake fara zama. In kwanso na fitowa da ƙuraje-ƙuraje a jiki ko yana tsagewa, to ta wuce gyaran gida.

Baba Soja, Tafo

Madalla ɗana. Ka ɗauki lasin ɗinka ka je hedkwatar ƴan sanda ta yanki a Adum, ofishin da ke rajistar bindigogi, ka tambaye su wanda doka ta yarda ya taɓa ta. Kar ka kai wa maƙerin lungu ko da ya iya. Tafi da kwanso biyu uku masu ƙarcen a aljihu ka nuna wa mai gyaran, ka ce ya auna tsawon allurar ma, in ba haka ba lotsawar za ta dawo. Tunda ka je ka tambayi sabunta lasin, shekara-shekara ne kuma ƙarshen Disamba ya kusa.

Kuma ka tuna daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta, akranti ne kaɗai aka bari, shi ma da takardar hukumar namun daji. In kana da ita to, in babu ka nema kafin ka koma Ejura. Harsashin .22 yana tafiya fiye da kilomita ɗaya, yanzu kuma mutane na cikin masara suna ciyawa ba ka ganinsu, ka riƙa harbi ƙasa-ƙasa inda ka san abin da ke bayan naman.

Ɗan Aboabo

In sha Allah Baba, takardar akranti tana hannuna, Litinin zan shiga Adum. Jakar fatar na rataye ta daban, na sa kafinta ya yi min ɗan kabad mai makulli. Alhaji dan Allah harsasan da suka yi kore ɗin nan, kwali guda ne, ina zan kai su? Ba na son in jefa a bola yara su tsinta.

Alhaji mai masara, Techiman

Kar bola, kar wuta, kar masai. Sa su a kwalinsu ka tafi da su Adum ranar Litinin ɗin ka miƙa a ofishin, ko ka mayar wa dilan da ka saya a wajensa.